Garayar da aka sa wa wuta: maganar samarin indi rok

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune ƙofar gida nan Tudun Wada a Gusau, na kunna kiɗan wasu 'yan Agadas da ake kira Etran de L'Aïr a waya, ban ma lura ƙanen mahaifina yana bayana kan tabarma yana saurare ba. Shi mutum ne da in ba Ɗanƙwairo ko Narambaɗa ko Sa'idu Faru ba to ba ka isa ka tsayar da shi ya ji waƙa ba, waƙoƙin situdiyo na yanzu kuwa cewa yake duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sai kawai na ji ya ce, "Kai ɗana, ƙaro muryar abin ga." Na ƙara. Ya yi shiru yana kaɗa yatsa a gwiwa har kiɗan ya ƙare, sannan ya ce, "Wagga ai garaya ta anka sa ma wuta." Da na ga ya saki jiki sai na canja mashi zuwa wata ƙungiyar samarin Ingila da nake ji kwanakin nan, ya saurara kamar minti ɗaya ya ce, "Kiɗin na da rai, amma shi mai waƙar mi as sa ya ɓoye bayan kiɗi, kunya shika ji?"

Maganganun nan biyu na Baba su suka sa ni wannan rubutu, don wallahi na daɗe ina bin wannan kiɗa da ake kira indi rok kuma ban taɓa jin wanda ya kama shi a taƙaice kamar tsohon nan da ko sunansa bai sani ba.

Ita kalmar indi gutsire ta aka yi daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai, kuma da farko ba sunan sauti ba ce ko kaɗan, maganar wa ya buga faifai ce. A Ingila ta shekarun 1970 in kai makaɗi ne to sai babban kamfani ya ɗauke ka, shi zai biya situdiyo, shi zai buga faifai, shi zai kai shaguna, kuma shi ke da waƙar daga ƙarshe. A watan Janairu 1977 wasu samari 'yan Manchester masu suna Buzzcocks suka ranci kusan fam 500 wurin 'yan uwa da abokai suka buga ƙaramin faifai guda 1,000 da kansu, ya ƙare suka sake bugawa, sauran samari suka ga ashe ana iyawa. Daga nan ƙananan kamfanoni suka fara tsirowa irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchester, can Amurka kuma daga baya aka samu Sub Pop a Seattle, wanda ya fitar da kundin farko na Nirvana a 1989, kundin da kuɗin ɗaukarsa gaba ɗaya bai wuce dala 600 da 'yan kai ba. To mutumin da ke da dala 600 ba shi da lokacin da zai yi ta maimaita baiti ɗaya sau hamsin, ba shi da injiniyan da zai goge mashi kowane tabo, abin da suka kaɗa a ɗakin shi za ka ji, har da ƙarar yatsa yana zamewa kan tsirkiya da inda muryar mawaƙi ta ɗan karye. Mutane suka saba da wannan kaushin har suka fara nemansa, shi ke nan rashin kuɗi ya koma salo.

Yadda ake haɗa ƙungiyar bai canja sosai ba har yau. Mutum huɗu ne ko biyar, jita biyu, jitar bes mai kaurin murya, da mai saitin ganguna. Jita ɗaya na riƙe gindin kiɗa ɗayar na yawo a sama, bes da ganga su ne ƙashin baya. Sirrin sautin kuma yana ƙasa wajen ƙafafunsu, akwai wasu 'yan akwatuna kamar girman sabulun wanki da ake jerawa ana takawa, feda suke ce masu, wata in an taka sai jitar ta yi kaushi kamar sifikar rediyo ta fashe, wata ta sa amsa-kuwwa kamar ka yi magana cikin rijiya, wata ta maimaita abin da ka kaɗa. Shi kansa kaushin nan asalinsa daga amfilifayar da aka ƙure wa ƙarfi ne da sifikar da ta lalace tun shekarun 1950, aka ji daɗinsa aka ƙera na'urar da za ta riƙa kawo shi da gangan.

Samarin da ke tashe yanzu ba sauti ɗaya suke yi ba. Akwai waɗanda suka fito daga wani ƙaramin gidan rawa a unguwar Brixton ta Landan da ake kira Windmill, wurin da da ƙyar yake ɗaukar mutum 150, amma daga nan black midi da Shame da Black Country, New Road suka taso. Yawancin masu wannan salo ba rera waƙa suke yi ba, magana suke yi a kan kiɗa, wani lokaci a hankali kamar mai ba da labari wani lokaci da ihu, kiɗan kuma yana tsayawa cak ya sake ɓarkewa ba sanarwa. Ni duk lokacin da na ji su sanƙira nake tunawa, yadda yake kutsa kirari cikin kiɗa ba tare da ya bi karin waƙar ba amma kuma bai fita daga cikinta ba. Fontaines D.C. na Dublin ma da haka suka fitar da kundinsu na farko a 2019, da harshen unguwarsu ba tare da sun kwaikwayi lafazin Amurka ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka so su. Sai kuma masu salon da Baba ya yi ƙorafi a kai, waɗanda ke tara sautin jita ya yi kauri kamar hazon hunturu, muryar mawaƙi na can ciki kana jin ta amma ba ka kama kalmomin. Wannan salo tsoho ne, tun ƙarshen shekarun 1980 a Ingila, har 'yan jarida suka yi masu laƙabi da masu kallon takalmi don kullum idonsu na ƙasa kan feda, ya kwanta shekaru sannan yaran TikTok suka tono shi. A kudancin Amurka kuma akwai irin su Wednesday na garin Asheville da ke gauraya kaushin jita da kiɗan ƙauyensu. Mata ma sun shigo gaba sosai, Wet Leg mata biyu ne suka kafa ta daga wani tsibiri a kudancin Ingila, waƙarsu ta farko ta fita a 2021, zuwa 2023 sun ɗauki Grammy biyu, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ita ma English Teacher ta garin Leeds da ta ci kyautar Mercury a 2024 mace ce ke jan waƙa.

Abin da na lura da shi, kuma shi ne zuciyar maganata, duk ƙungiyar da ka bi tarihinta sai ka tarar akwai wani ɗaki. Wani ɗan wuri mai arha da aka bar su suna kaɗawa duk mako gaban mutum talatin, suna kuskure suna gyarawa, mai ganga yana koyon numfashin mai bes har ya zama in ɗaya ya ɗaga gira ɗayan ya san za a juya. Wannan ba a saye shi a shago kuma kwamfuta ba ta ba da shi. Su Arctic Monkeys na Sheffield kyauta suke raba faifan sidi a wuraren wasansu, masoya suka riƙa turawa juna ta intanet, da kundinsu na farko ya fito a 2006 ya sayar da sama da 360,000 a makon farko, mutane suka ce intanet ce ta yi su, alhali kafin intanet ta ɗauka sai da suka sha kaɗawa a ƙananan ɗakuna tukuna.

Kuma kar wani ya ɗauka can ɗin daɗi suke sha. Ƙungiyar da ke kula da ƙananan wuraren kiɗa a Birtaniya, Music Venue Trust, ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 ne suka rufe ko suka daina sa kiɗa, saboda haya da kuɗin wuta. Spotify, manhajar sauraren waƙa ta intanet, abin da yake biya kan saurare ɗaya bai kai rabin santin dala ba, kuma daga 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ko sisi ba ta samu. Ka raba ɗan abin da ya shigo gida huɗu, ka cire man mota da wurin kwana, za ka gane dalilin da ya sa da yawansu ke aikin shago da rana, riga mai tambarin ƙungiya da faifan da ake sayarwa a bakin ƙofa bayan wasa sun fi kawo masu kuɗi, sai kuma Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, da ke barin kaso mafi tsoka ga makaɗi. Ita ma kalmar cin gashin kan ta yi ruwa, tun 1995 Sub Pop ya sayar wa Warner kashi 49 na kansa, kuma yau za ka ji ƙungiya mai sautin ɗakin haya amma babban kamfani ne ke bayanta tun ranar farko. Shi ya sa masoyan wannan kiɗa ke yawan faɗa kan wane ne na gaske wane ne dashen kamfani. Ni dai ban cika damuwa da takardar da suka sa wa hannu ba, in na kalli bidiyon wasansu kai tsaye na ga suna sauraren juna to sun ishe ni.

Yanzu mu dawo gida, don abin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Mdou Moctar, Buzu ne daga Nijar, bahago, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke don gidansu ba a son kiɗa. Kundinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, nan maƙwabtanmu, tafiyar kilomita 200 da wani abu daga inda nake zaune, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa na lokacin. Ba wani kamfani da ya fitar da shi a lokacin, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta bulutut da memori har ya ratsa Sahara, wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya tsinci waƙar a wayoyin mutane ya sha wahalar neman mai ita. Yau Mdou na tare da Matador na New York, ɗaya daga cikin gidajen indi rok da aka fi girmamawa, sun fitar mashi da kundi a 2021 da wani a 2024, kuma samarin Turawa masu koyon jita shi suke kallo. Ga Tinariwen da suka ci Grammy a 2012, ga Bombino, ga Les Filles de Illighadad inda Fatou Seidi Ghali ke riƙe da jita, ga Tal National na Yamai da har Hausa da Zabarmanci suke waƙa. Su Etran de L'Aïr ɗin da Baba ya so kuwa 'yan gida ɗaya ne, tun 1995 suke kiɗan biki a unguwannin Agadas, da farko ƙwarya suke kifawa cikin ruwa a matsayin ganga. Ɗakinsu su shi ne filin biki.

Me ya sa kunnen Baba ya karɓe su nan take? Saboda hannun da ke kaɗa jitar hannun molo ne da garaya, ɗan gajeren zagaye ake kamawa a yi ta juya shi ana ƙara mashi zafi a hankali, kuma yawanci a kan sautuka biyar yake tafiya kamar yadda yawancin kiɗanmu na gargajiya yake, su ma Turawan jitarsu ta rok daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ta gaji waɗannan sautuka biyar ɗin. Sannan ga ƙungiya. Mu fa nan ƙasar Zamfara da Kabi ba baƙin kiɗan ƙungiya ba ne, ka saurari Ɗanƙwairo da kyau ka ji yadda yake ɗauko baiti ya sake shi a tsakiya 'yan amshi su cafe su ƙarasa har su yi ƙari, masu kotso na biye, ba wanda ya rubuta wa wani komai, shekaru ne na zama tare. Haka Jankiɗi, haka gidan Ɗandawo can Yawuri. Tsofaffin ɗaukar da aka yi masu a gidajen rediyo kana jin tari kana jin hayaniyar mutane, kuma ba wanda ya taɓa cewa waƙar ta ɓaci.

To ina muka baro wannan? A ganina lissafin kuɗi ne ya fara kashe shi kafin komai. Mawaƙi yanzu shi kaɗai zai shiga situdiyo, mai kiɗa ɗaya da fiyano da kwamfuta ya haɗa mashi ganga da algaita da komai cikin awa biyu, a gyara murya, a tura Audiomack da YouTube da wurin masu tura waƙa a kasuwa. Ranar biki kuma dije ɗaya da filashi ya wadatar, mawaƙin ya riƙe makirfo yana bin bakin waƙarsa. Wa zai ɗauki nauyin mutum biyar da kayansu da janareta? Ban raina waƙar situdiyo ba, akwai masu basira ƙwarai a ciki kuma ita ta ciyar da gidaje da dama, amma yaro zai iya shekara goma yana waƙa bai taɓa tsayawa kusa da mai ganga na gaske ba. Ka haɗa da cewa a wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, ɗan gidan da ba na makaɗa ba in ya ɗauki abin kiɗa sai a ce ya zubar da mutuncin gida, ga kuma maganar addini da malamai suka yi bayanai a kanta, wadda duk yaron kirki a garin da aka ƙaddamar da shari'a a 1999 dole ya auna ta tsakaninsa da Allah da iyayensa. Sannan ga babbar masifar da ta fi duka, rashin tsaro. Garuruwan da suka haifi manyan makaɗan nan, wajen Maradun da Bakura da Shinkafi da Zurmi, yau mutane na tunanin yadda za su je gona su dawo lafiya ne, taron dare ya zama abin tsoro, a 2021 har layukan waya aka rufe mana na tsawon makonni. Kiɗan ƙungiya kuwa sai da taro.

Akwai kuma wani bambanci da nake so masu sha'awar abin su gane. Bature in ya ce yana cin gashin kansa, daga kamfani yake nufi. Mu nan ba kamfanin da zai ɗaure ka, ta wannan fuskar kusan duk mawaƙin Hausa indi ne, shi ke biyan situdiyo shi ke tallar kansa. Igiyar da ke wuyanmu ta ubangida ce. Wanda ya biya kuɗin waƙa shi ake wa waƙa, ɗan siyasa ko mai kuɗi ko amarya da ango, shi ya sa in kakar zaɓe ta zo sai ka ji basira mai yawa ta ƙare a jera sunaye. Cin gashin kai na gaske a Gusau ko Birnin Kebbi shi ne samari su yi waƙar da ba wanda ya saya tun kafin a yi ta, waƙar manomin da ya bar gonarsa, ko ɗalibin da ya gama karatu yana tuƙa Keke Napep, ko kewar ƙauyen da ba a iya zuwa, kuma su sami mutanen da za su biya ɗari biyar-biyar su shiga su ji. Wannan ya fi sayen jita wuya nesa ba kusa ba.

Ƙorafin Baba na biyu ma gaskiya ne, kuma duk wanda zai gwada wannan kiɗa da Hausa ya riƙe shi. Bahaushe kalma yake fara nema a waƙa, tambayarsa ta farko ita ce me ya ce. Harshenmu kuma mai karin sauti ne, kuka na hawaye da kuka ta miya hawa da saukar murya ne kawai ya raba su, ga gaɓa mai nauyi da marar nauyi da waƙarmu ke tafiya a kai. In ka ɗauko karin waƙar Turawa ka cusa mashi kalmomin Hausa sai su karkace, in kuma ka binne murya cikin hazon jita to ka rasa mai sauraro tun baitin farko. Don haka salon masu kallon takalmi ba na jin zai zauna a nan yadda yake, amma salon magana kan kiɗa da na jagora da amshi, da jita tana amsa wa mawaƙi yadda kalangu ke yi, wannan kamar don mu aka yi shi.

Ƙanena da abokansa biyu sun fara gwadawa tun bara, a wani shagon ɗinki da mai shi ke ba su aro bayan la'asar in ya tashi. Jitar ta hannu ce, an sayo masu ita daga Kaduna, in tsirkiya ta tsinke sai an jira mai zuwa Kano ko Kaduna ya taho da wata. Wanda ya nuna masu yadda ake riƙe bes wani yaro ne da ke kaɗawa a coci a Sabon Gari, don a ƙasar nan yawancin masu kaɗa jita da ganguna da hannu a coci suka koya. Saitin ganguna ya fi ƙarfin aljihunsu sai suka jawo wani ɗan gidan makaɗa mai kalangu, kuma nan ne abin ya fara daɗi, don shi ba ya ƙirga ɗaya biyu uku huɗu irin na bidiyon YouTube da suke koyo da shi, makonni suka yi suna karo da juna, mai jita na cewa an yi sauri mai kalangu na cewa ai kai ne ba ka jin maganar da nake yi. Ranar da na je na same su wuta ta ɗauke, ƙaramar amfilifayar na haɗe da batirin sola, ƙanena ya ce, "Yaya, zauna ka ji wannan, amma kar ka ɗauka a waya tukuna." Suka kama wani zagaye ɗaya suka riƙe shi kusan minti bakwai, kalangu na tambaya jita na amsawa, sau biyu suna ɓata suna komowa, har masu shayin tsallaken titi suka bar benci suka matso bakin ƙofa. Waƙar a kan ƙauyen kakarmu ce da rabonmu da shi shekara huɗu.

Da na koma gida na ba Baba labari ya ce in gaya masu su zo su kaɗa mashi a zaure ranar Juma'a mai zuwa, amma da sharaɗi, "Shi mai waƙar ya hito gaba in ji abin da shika cewa."